Maganaɗisun da ke tafiya cikin gwangwan

Rukayya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yaya Mustafa ya daɗe yana tsokanata, wai shekara uku ina Ingila ba wanda ya san abin da nake karantawa, in an tambaye ni sai in ce “ƙarafa” in ja bakina in tsuke. To yau Lahadi ce, ɗakin gwaji a kulle, bari in biya bashi.

Digirina na uku a kan maganaɗisu nake yin sa. Ba irin baƙin nan na bayan sifikar rediyo da muke ɗaura wa zare muna ja cikin yashi muna yara ba. Akwai wani ɗan ƙarami mai ƙyalli kamar azurfa, wanda in ya kama ƙarfe sai ka cije leɓe kafin ka ɓamɓare shi. Shi ne a cikin had-dis, wato ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta, da abin sauraro na kunne, da injin motoci masu lantarki, da manyan fankokin nan da ake kafawa a teku suna samar da wuta daga iska. Da baƙin ƙarfe da boron da wani ƙarfe mai suna niyodimiyam ake haɗa shi, kuma niyodimiyam ɗin da 'yan uwansa su ne kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa. Wajen 1984 ya fito, Masato Sagawa a kamfanin Sumitomo na Japan da John Croat a General Motors na Amurka, kowa ya gano nasa daban.

Niyodimiyam yana cikin wani dangi na ƙarafa 17 da Turawa suka laƙaba wa sunan “ƙasa mai wuyar samu”. Abin da nake bi shi ne: in na'ura ta mutu, yaya za a ciro maganaɗisunta a sake yin sabo da shi ba tare da an koma haƙa rami ba. A yanzu abin da ake ceto wa daga tsofaffin kaya a duk duniya bai wuce kashi 1 cikin 100 ba.

Injiniya Mustafa:
Wa alaikumus salam Dakta. Ashe 'yar gwangwan muka tura Ingila ba mu sani ba.

Sani Gwangwan:
Injiniya a bi a hankali, akwai masu sana'ar a zauren nan. Anti Rukayya barka da zuwa ƙungiya, kuɗin rajista za ki turo.

Malama Hadiza:
Ƙanwata, ki fara warware mana sunan nan. Ina koyar da kimiyyar sinadarai a sakandare, kuma duk shekara in na zo layukan nan biyu na ƙasan jadawali sai in ce wa yara “waɗannan ba sa fitowa a jarrabawa”, mu wuce. Allah ya yafe mini. Da gaske wuyar samu gare su?

Rukayya:
Anti Hadiza, sunan ne ya yi ƙarya. Siriyam, ɗaya daga cikinsu, ya fi jan ƙarfe yawa a cikin ƙasa. Ɗan dutsen laita da ke ba da tartsatsi ma da shi ake yi, ƙyastun zamani ke nan. Sunan ya samo asali ne tun ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da aka tsinci wani baƙin dutse a 1787 a wani ƙauye na Suwidin mai suna Itabi, Johan Gadolin ya bincike shi a 1794. Ƙauyen nan shi kaɗai ya ba ƙarafa huɗu suna.

Wahalarsu biyu ce. Ba sa taruwa wuri ɗaya da yawa kamar jijiyar zinariya, a warwatse suke. Ta biyun, wadda ita ce uwa uba, kamarsu ɗaya. Ki ɗauka an zuba miki gero da maiwa da dauro a buhu guda an cakuɗa, an ce ki ware kowanne, kuma ba da ido ba, da sinadari. Ga misali: shekaru kusan 40 masana suna ɗauka wani ƙarfe guda ɗaya ne, suna kiransa “tagwai”, sai a 1885 Carl Auer von Welsbach ya raba shi ya ga ashe biyu ne. Ya sa wa ɗaya “koren tagwai”, firasiyodimiyam ke nan, ɗayan “sabon tagwai”, shi ne niyodimiyam ɗina. Hassan da Husaini. Akwai wani kuma disfurosiyam, ma'anar sunansa da Girkanci “mai wuyar kamawa”, wanda ya gano shi a 1886 ne ya huce haushinsa a sunan.

Har gobe in za a raba su, narkar da su ake yi cikin asid, a bi da ruwan ta cikin tankuna ɗaruruwa a jere, kowace tanki ta ɗan ƙara ware su kaɗan. A nan kuɗin yake, a nan dattin yake, a nan kuma Chaina ta fi kowa. Kusan kashi 70 na haƙa nata ne, amma na tacewa kusan kashi 90.

Malama Hadiza:
Hassan da Husainin nan na ɗauka, gobe Litinin aji uku za su ji shi.

Injiniya Mustafa:
To ai nan ne na san zancen. 2010 suka rufe wa Japan famfo bayan rikicin jirgin kamun kifin nan a tsibiran da suke jayayya a kai, farashi ya yi tashin gwauron zabi a 2011. Kuma a Afrilun 2025 suka sake sa takunkumi kan guda bakwai, har da disfurosiyam da tarbiyam, sai ga Suzuki ta dakatar da ƙera motar Swift a Japan, Ford ta rufe wata masana'antarta a Chikago na mako guda. Wannan duk na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce tsofaffin kwamfutoci za su warware wannan. Gram nawa ne a had-dis ɗaya?

Rukayya:
Tsakanin 10 zuwa 20, in babba ne na kwamfutar tebur.

Injiniya Mustafa:
Madalla. Mota ɗaya mai lantarki tana cin kilo 1 zuwa 2. Fankar teku guda, irin wadda injinta ba shi da giya, tana cin wajen kilo 600 a kowace megawat, kuma yanzu ana kafa masu megawat 14 da 15. Ki yi lissafin da kanki. Ga shi had-dis ɗin ma yayinsa na wucewa, sababbin kwamfutoci da wanda ba ya juyawa suke zuwa, babu maganaɗisu a ciki. Da cokali kike son cika rijiya, Dakta.

Rukayya:
Yaya, ka yi gaskiya rabi. Ba zan ce maka aikina zai hana haƙa ba, duk wanda ya ce maka haka tallan kamfaninsa yake yi. Buƙata tana gudu, kayan da za su mutu su dawo suna rarrafe. Motar da aka sayar bana sai nan da shekara 15 za ta zo hannun su Malam Sani. Amma had-dis ba don yawansa muka fara da shi ba. Don ka san inda maganaɗisun yake, a kusurwa ɗaya koyaushe, haɗinsa kusan iri ɗaya, kuma manyan rumbunan ajiyar bayanai na intanet har yanzu da shi suke aiki, suna zubar da miliyoyi. A kansa ake koyon hannu kafin guguwar motocin ta iso.

Bari in gaya muku yadda ake yi, don shi ne abin da ya sa na kamu da son aikin. Dabarar daga Jami'ar Bamingam ta fito, daga aikin Farfesa Rex Harris da waɗanda suka biyo bayansa, yanzu har akwai kamfani mai suna HyProMag da ke yin ta. Sai ka yanke kusurwar had-dis ɗin ka jefa cikin wata tukunyar ƙarfe mai murfi, ka zuƙe iskar ciki, ka saki iskar haidurojin. Ba wuta, ba asid, zafin ɗaki kawai. Maganaɗisun nan ba dunƙule ɗaya ba ne, ƙananan ƙwayoyi ne da wani siririn sashe mai yawan niyodimiyam ya manne su, kamar yadda ƙasa ke riƙe tubali. Haidurojin sai ya kutsa cikin wannan mannin, ya kumbura shi, ƙwayoyin ma su kumbura da kamar kashi 5 cikin 100. Shi ke nan sai ya marmashe.

Ranar da na fara gani ta ɗan gilashin tukunyar, wallahi tsigar jikina ta tashi. Abin da jiya ya matse mini yatsa har jini ya kwanta a farce, ga shi yana tsagewa shi kaɗai, fatar nikel ɗin da aka lulluɓe shi da ita tana ɗagowa kamar ɓawon gyaɗa soyayya, cikin yana zubowa gari, toka-toka. Kuma garin ya saki ƙarfe, ƙarfin kamun ya tafi. Sai ka juya tukunyar ya zubo, ka tankaɗe, ɓawon ya tsaya a rariya. Daga nan a ƙara niƙa shi, a jera ƙwayoyin su fuskanci gefe guda, a danne, a gasa a zafin da ya haura digiri 1,000. Ka sami sabon maganaɗisu, ba ka bi ta tankunan asid ɗin nan ko ɗaya ba. Ba sai ka raba Hassan da Husaini ba tunda dama tare kake son su.

Sani Gwangwan:
To in haka ne an gama ai. Me ya rage kike shekara uku a kai?

Rukayya:
Iskar da muke shaƙa, Malam Sani. Niyodimiyam mayen oksijin ne. Garin nan in ya sha iska sai ya yi irin tasa tsatsar, kuma sashen mannin nan shi ke fara lalacewa. In ka gasa shi a haka sai ya fito da ƙananan ramuka a ciki, ƙarfinsa ya ragu. Duk zagayen da aka sake yi, oksijin ƙaruwa yake. Maganin da aka sani shi ne a ƙara ɗan sabon niyodimiyam kaɗan, kamar mai ƙara sabon ƙullu a kan tsohon gasara. Tambayata: nawa ne mafi ƙanƙanta da zai isa, musamman in kayan a cakuɗe suka zo, wannan daga had-dis, wancan daga injin keke mai lantarki, ba ka san wanda ke da disfurosiyam da wanda babu ba.

Duk aikin a cikin akwatin gilashi nake yi mai dogayen safar hannu, cike da iskar argon, wadda ba ta taɓa garin. A shekarata ta farko na bar murfin wata 'yar kwalba bai ɗauru sosai ba, na fito da ita. Kafin in ajiye na ji ta yi ɗumi a tafina, ina dubawa garin ya yi ja kamar garwashi. Yashi aka zuba masa. Aikin wata biyu ya tafi, na shiga banɗaki na sha kukana na fito na cika takardar rahoto.

Baba Ɗanjuma Bukuru:
Salamu alaikum. Ina ta karantawa ban sa baki ba. 'Yata Rukayya, Allah ya yi miki albarka. Ina da tambaya. Shekarun nan ana zuwa nan wajenmu ana sayen wani yashi mai nauyi, ruwan zuma-zuma, wanda da can zubarwa ake yi bayan an wanke kuza. Monazait suke ce masa. Buhu-buhu ake lodawa a tirela zuwa Legas. Yaran da ke harkar sun ce na batir ne, wasu sun ce na waya. Shin yana da dangantaka da abin da kike faɗa?

Rukayya:
Baba ina wuni, amin na gode. Ai Baba ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Shi ne. Monazait ɗaya ne daga manyan duwatsun da ake ciro ƙarafan nan, fiye da rabin nauyinsa su ne: siriyam, lantanam, niyodimiyam da ɗan tagwaicinsa. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, a lissafinta na 2024, ta sa abin da Najeriya ta haƙo na ƙarafan nan a tan dubu 13, daidai da Ostireliya, cikin tan dubu 390 na duniya. Kuma Chaina yake tafiya.

Amma Baba akwai abin da ke cikinsa bayan waɗannan. Toriyam. Daga kashi kaɗan har sama da kashi 10 a wani. Shi kuma yana fitar da radiyeshin, wato wani tururi da ido ba ya gani mai cutar da jiki.

Baba Ɗanjuma Bukuru:
Ikon Allah. To bari in ba ku labari, ku yi haƙuri da tsawon tsoho.

Mahaifina ba ɗan nan ba ne, daga ƙasar Katsina aka kawo shi lokacin yaƙin Hitila, cikin ɗiban gwamna, da aka riƙa tara mutane ƙarfi da yaji ana turo su haƙar kuza tsakanin 1942 da 1944. Sanyin Jos ya kashe da yawa daga waɗanda suka zo tare. Shi ya tsira, ya zauna, ya ci gaba da lebura, a nan aka haife mu. Muna yara aka yi yayin kolombait, wani ma'adini da ake samu tare da kuza, sannan kasuwar kuza ta faɗi a 1985, kamfanoni suka naɗe tabarmarsu. Abin da suka bar mana kududdufai ne masu zurfi da ke cin yara da shanu duk damina, da tsibin yashi.

Yashin nan kuwa mun yi amfani da shi. Laushi gare shi, ba tsakuwa, ba ka biyan ko sisi. An yi shafen ɗaki da shi, an buga bulo, an zuba a tsakar gida don kada a yi caɓi. Ni da hannuna na tura baro. Yanzu kuma mata ne ke zama bakin ruwa da daro suna wanke shi, goyo a baya, sannan a shanya a kai injin da ke warewa, ƙura ta tashi ta rufe mai aikin har girarsa. Ba wanda na taɓa gani da ƙyalle a hanci. In an biya su da yamma a sayi masara. To yanzu me zan ce musu?

Malama Hadiza:
Innalillahi. Baba wannan ai ya wuce maganar maganaɗisu.

Rukayya:
Baba, ba zan tsorata ka da abin da ba a auna ba, don ba kowane tsibin yashi ne ke da monazait da yawa ba, wani kusan babu. Awo ne ke rabawa, kuma na'urar awon 'yar ƙarama ce, sassan fiziks na jami'o'i suna da ita. Abin da zan iya faɗa da tabbaci: haɗarin ya fi yawa a wanda aka riga aka tace ya taru, da kuma ƙurarsa in ta shiga huhu. Kada a ajiye buhunansa a ɗakin kwana ko inda yara ke wasa. A bar shi da danshi in ana aiki, kada a sheƙe shi a bushe. A rufe hanci, a wanke hannu kafin a ci abinci, kayan aiki kada su shiga ɗaki. Ɗakin da aka san da irin yashin aka shafe, a riƙa buɗe tagogi, in da hali a sa a auna.

Akwai wani gari a Maleshiya, Bukit Merah, kusa da Ipoh. Su ma ƙasar kuza ce kamar Jos, su ma suna da tsibin yashin da aka bari. A 1982 aka buɗe masana'antar tace monazait a can, da hannun jarin Mitsubishi. Ƙarafan suka tafi Japan, toriyam ya zauna. Mutanen garin suka kai ƙara, suna danganta cutar sankarar jini a 'ya'yansu da sharar, kamfanin ya musanta. An rufe ta a 1994, kuma share wurin ya ci kimanin dala miliyan 100. Duk lokacin da na karanta labarin nan, Bukuru da Barikin Ladi nake gani.

Nura Ɗan Ma'adini:
Ku yi haƙuri, ni harkar nan nake ci a ciki, kuma zan faɗi tawa. Anti tana zaune a Ingila da hita tana ba mu labarin Maleshiya. Yashin nan shekara nawa yana zube ba wanda ya kula mu? Yanzu ya zama kuɗi sai a tuna yana da guba? In ma da guba, ai kwashe shi muke yi muna fitarwa daga gari, kamata ya yi a gode mana. Abin da ya kamata mu yi kuka a kai shi ne ɗanye muke sayarwa da araha. A kafa mana masana'antar tacewa a Filato mu ma mu ci riba.

Injiniya Mustafa:
Nura ya faɗi abin da ke raina, ban da zancen hita. Kullum ɗanye: gyaɗa ɗanya, fata ɗanya, mai ɗanye.

Rukayya:
Malam Nura, hitar ma kuɗinta ya fi ƙarfina, da bargo biyu nake kwana. Ban ce a daina ba, ban isa in ce wa mai neman masara ya zauna da yunwa ba. Kuma ka yi gaskiya a abu ɗaya da ban taɓa kallonsa ta nan ba: buhun da ya tafi, toriyam ɗinsa ya tafi da shi. To amma ka lura da abin da hakan ke nufi ga masana'antar da kake roƙo. Ranar da aka fara tacewa a Filato, niyodimiyam ne zai hau jirgi, toriyam da ruwan asid su zauna da mu. A Bawuto, birnin da ke tace abin da ake haƙowa a Bayan Obo ta Chaina, tafkin sharar ya kai kusan murabba'in kilomita 10. Chaina ba wayo kaɗai ta fi kowa ba, ta yarda ta haɗiye dattin da wasu suka ƙi. Amurka na da nata ramin a Mountain Pass, ita ce kan gaba a duniya har tsakiyar shekarun 1980, amma bututun ruwan shararsa ya yi ta fashewa a hamada, ga arahar kayan Chaina, aka dakatar da shi a 2002.

Ni ina son a kafa. Amma kafin a aza tubali a nuna mini ramin da sharar za ta kwana, da wanda zai biya kuɗin gadinsa bayan kamfanin ya tafi.

Isufu Arlit:
Gaisuwa ga kowa daga Nijar. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce tamu. An rufe ramin yuraniyam na Akuta a watan Maris 2021 bayan sama da shekara 40 ana haƙa, abin da ya rage a wurin kusan tan miliyan 20 ne na shara, ga iskar hamada. Lantarkin kuwa a wata nahiya aka sha shi. Malam Nura, ba hana ku nake ba, ku dai rubuta maganar sharar a takarda tun ana dariya.

Nura Ɗan Ma'adini:
Na ji. Amma ku sani in ba mu sayar ba wani zai sayar. Maganar ƙyallen hanci da buhu a ɗaki kuwa na karɓa, akwai yarana biyu da ke kwana a sito, yau za su tashi.

Malama Hadiza:
Allah ya sa. Mu da muka ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu, su ma a tsakar gida ake daka dutsen, bai kamata a sake gaya mana ba.

Injiniya Mustafa:
To Dakta, tunda haƙa datti, tacewa datti, naki kuma cokali, me zai hana a rabu da ƙarafan gaba ɗaya? Renault ta yi shekaru tana sayar da motar Zoe da injin da babu maganaɗisu, waya ce aka naɗa. BMW ma haka take yi yanzu. Tesla ta faɗa a 2023 cewa injinta na gaba ba zai ɗauki ko gram ba. Ga masu yin maganaɗisu na baƙin ƙarfe da naitirojin a Minesota.

Rukayya:
Ina bin su duka, kuma ina musu fatan alheri ko da zai sa kundina ya zama tarihi. Amma kowanne da farashinsa. Injin naɗi yana cin jan ƙarfe da yawa, shi ma haƙo shi ake, kuma sai ka ciyar da naɗin da wuta daga batir. Baƙin maganaɗisun sifika ba shi da tsada, amma ƙarfinsa bai fi kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, sai injin ya yi girma ya yi nauyi. A mota za ka iya jurewa. A abin kunne ko ƙaramin jirgi mara matuƙi fa?

Inda aka fi cin nasara shiru-shiru shi ne rage disfurosiyam. Amfaninsa shi ne hana maganaɗisu sakin ƙarfinsa in ya yi zafi, don na gama-gari daga digiri 80 yake fara sanyin gwiwa, injin mota kuwa ya wuce nan. Da can cakuɗa shi ake yi cikin duka. Yanzu shafa shi ake a baya a gasa, ya bi ta gefen ƙwayoyin kawai, inda ake buƙatarsa. Wannan ya dame ni ƙwarai saboda yawancin disfurosiyam da tarbiyam na duniya daga kudancin Chaina da jihar Kachin ta Miyanma suke fitowa, inda ake huda tsauni a ɗura masa ruwan sinadari a tare a ƙasa, ga yaƙi ana yi. Shi ya sa kalmar nan “mai ɗorewa” da ke kan takardar tallafin karatuna take ɗan ba ni kunya. Motar tana da tsabta a titin Landan. A bakin rafin Kachin ba haka sunanta yake ba.

Injiniya Mustafa:
Yau dai na ji ɗalibar da ke sukar take-taken masu biya mata kuɗin makaranta. Na janye cokali, na ba ki ludayi.

Sani Gwangwan:
Ni fa tun ɗazu lissafi nake. Had-dis yana zuwa mana da yawa, daga ofisoshi da masu gyara. Yadda muke yi, a cire allon a sayar daban, gangar alminiyam daban, sauran a watsa cikin baƙin ƙarfe a auna a kilo. Wannan mai ƙyallin na san shi sarai, shi ne ke manne wa guduma yana ba yara haushi. Wani lokacin su ɗauka su yi wasa. Kenan duk shekarun nan tirela nake cika wa da shi zuwa kamfanin rodi?

Rukayya:
Haka ne, kuma ba kai kaɗai ba, har a Turai. Injin da ke daddatsa tsofaffin kaya yana farfasa shi, gutsattsarin su manne wa ƙarfe, a kai tanderu. A can niyodimiyam ba ya shiga rodin, cikin kashin maƙera yake ƙarewa, a zubar ko a shimfiɗa a hanya. Abin dariyar, abin da ke ba Turawa wahala shi ne kuɗin hannun da zai kwance sukurori ɗaya bayan ɗaya, har mutum-mutumi suke ƙerawa don wannan. Ku kuwa da hannu kuke kwancewa dama.

Yadda za ka gane shi: mai ƙyalli ne, a had-dis lanƙwasasshe kamar ƙodar akuya, manne a kan wani farantin ƙarfe, yawanci biyu suna fuskantar juna. Baƙin na sifika ba shi ba ne, kada ka ɓata wuri da shi. Ka bar shi a kan farantinsa, kada a buga masa guduma don tsagewa yake kamar tangaran ya yi tsalle zuwa ido, kada a sa shi a wuta. A ajiye inda ruwa ba ya taɓawa, in fatar ta fashe tsatsa ke cinye shi. Yaran kuma don Allah a karɓe. In yaro ya haɗiye biyu, suna kamo juna ta cikin hanji su huda shi, sai tiyata.

Sani Gwangwan:
Subhanallahi, wannan ban sani ba. To wa zai saya?

Rukayya:
Gaskiya yau ba ni da mai sayen da zan haɗa ka da shi, kuma kilo ɗaya sai ka kwance had-dis 50 zuwa 100. Ba zan ce ka bar cinikin da ke hannu ba. Amma ba ya cin abinci, nauyin da zai rage maka a sikeli kuma bai taka kara ya karya ba.

Sani Gwangwan:
Akwai wata tsohuwar durom ta fenti a bayan shago, na sa yaro ya wanke ta. In kin zo hutun Sallah ki biyo ta Kano ki ɗebi na gwaji, na cakuɗe irin wanda kike nema, kyauta. Kuɗin rajistar ƙungiya dai yana nan.

Baba Ɗanjuma Bukuru:
In ta zo ta fara biyowa ta Bukuru tukuna. 'Yata, ki taho da na'urar awon nan ko ki haɗa ni da mai ita. Ɗakin da na shafe da hannuna, jikokina uku ne ke kwana a ciki.

Rukayya:
In sha Allahu Baba, amma ba sai an jira Sallah ba. Akwai wadda muka yi digirin farko tare, tana koyar da fiziks nan kusa da ku, yanzu zan kira ta. Turo mini kwatancen gidan ta akwatin sirri. Kafin nan a mayar da yaran ɗakin Mama.